Hoton Kan Walida

Zafi ne ya fara gaishe ni a Dubai, kafin ma mijina. Ina fitowa daga ƙofar filin jirgi ya rufe min fuska kamar an buɗe madambaci. Walida tana goye a bayana, yarinya 'yar shekara biyar, ƙafafunta har suna dukan cinyoyina. Mutane suna ta kallonmu, ban kula su ba, don na san idan na sauke ta a cikin wannan taron sai dai a nemo ta da cigiya.

Abban Walida ya taho da sauri yana ture mutane. Rabonsa da ita tun tana rarrafe. Na sauke ta ina riƙe da gefen rigarta, ya durƙusa a gabanta ya buɗe hannuwa.

"Walida! Uwata ta kaina! Ga Abba!"

Ita kuwa tayar akwatinmu take kallo. Ta tsuguna ta sa yatsa tana juya ta. Ya daɗe a durƙushe hannuwa a buɗe, sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Gajiya ce." Na ce, "Eh, gajiya ce."

Ba gajiya ba ce. Walida ba ta magana, kuma ba ta kallon fuskar mutum. Ba kurma ba ce, don ko ledar biskit aka taɓa a ɗaki na uku za ta ji. Amma ni da na haife ta, ban taɓa samun idonta ya tsaya a cikin nawa ba. In ba ta abinci ta karɓa, in wata ta ba ta ta karɓa. Daga baya jijjiga ta fara kama ta, likita a Kano ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Da aka ba ta maganin barci don ta kwanta shiru a cikin na'urar, numfashinta ya so ya ɗauke, aka fasa a guje. Shi ya sa Abbanta ya ce mu taho, tunda kamfanin jigilar kaya da yake wa aiki yana ɗaukar nauyin asibitin iyali.

Wannan ita ce buƙatar likita. Ni kuma da tawa buƙatar, wadda ban gaya wa kowa ba. Karatuna bai wuce firamare ba, sai Islamiyya. A tunanina hoto hoto ne: abin da ke ciki shi zai fito. Ina so a buɗe min kan yarinyar nan in duba ko ina ciki. Ko ta san ni ce uwarta, ko kuwa ni da fanka duk ɗaya ne a wurinta.

Zangonmu na farko unguwar Satwa. Kafin zuwanmu Abban Walida a gidan ma'aikata yake kwana, can Dubai Investments Park, maza a jere gado kan gado. Saboda mu ya nemi wani dillali ɗan garinmu, Ɗanlami, ya samo mana filat. Har bidiyo Ɗanlami ya turo min ina gida: ga taga da labule, ga kicin, ga baranda. Da muka iso sai muka tarar falo ne aka yayyanka da falanki, namu yankin katifa ce kawai da wurin ajiye akwati.

Na ce, "Malam Ɗanlami, ina tagar?"

Ya ce, "Hajiya, taga tana nan daram. Rabo ne ya kai ta ɓangaren maƙwabta."

"Barandar fa?"

"Haba Hajiya, da zafin nan me za ki yi da baranda? Satwa ce fa! Shwaiya-shwaiya, a hankali za ki saba. Khalas, shi ke nan."

Abban Walida ya yi kamar zai shaƙe shi, na riƙe masa riga. Ɗan'uwanka Bahaushe, ya cuce ka da Hausa, har ya haɗa maka da addu'a a kan hanyar fita.

Maƙwabtanmu 'yan Filifin ne, mata masu aikin gyaran gashi. Ta jikin falankin ina jin tarinsu, ina jin dariyarsu, ina shaƙar kifinsu mai tsami. Abin da ya fi cina a garin shi ne rashin sannu. Ka yi atishawa ba mai cewa komai, ka share ƙofa ba mai ce maka sannu da aiki. Wata rana na buɗe ƙullin daddawar da Innata ta cusa min a akwati, ban ma yi miya da ita ba, shinshinawa kawai na yi na zauna ina hawaye.

Amma garin bai rasa mutanen kirki ba. A ƙasan benenmu akwai wani tsohon tela ɗan Pakistan mai jan gemu. Duk sanda muka wuce, Walida sai ta kafe a ƙofar shagonsa tana kallon keken ɗinki. Ni kuma kunya ta ishe ni, ina ja tana turjewa. Rana ta uku ko ta huɗu sai na ga ya ajiye wata 'yar kujera a bakin ƙofa. Bai ma kalle ta ba, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ina ga shi ne mutum na farko a duniya da bai matsa mata sai ta gaishe shi ba.

Zango na biyu asibiti. Ban taɓa ganin wuri mai ƙyalli irinsa ba, har ina tsoron taka ƙasa da silifas ɗina. Sai dai ƙyalli bai hana Walida yin abin da ta saba ba. Tana hango na'urar, wata ƙatuwar farar aba mai rami a tsakiya kamar bakin rijiya a kwance, ta ƙwalla ƙara ta sanƙare. Likitan ya karanta abin da ya faru a Kano, ya ce shi ma ba ya son a sake sa ta barci sai in babu makawa. Mu je, za su yi shawara.

Abbanta ya tafi karɓo wata takarda, ni kuma na zube a kan benci na rufe fuska da hijabi. Ban san da ƙarfi na faɗa ba: "Wayyo ni Safiya, na shiga uku."

Sai na ji an ce, "Ba ki shiga uku ba, ko biyu ba ki kai ba. Matsa min in zauna."

Na ɗaga kai na ga wata mata doguwa cikin shuɗin kayan ma'aikata, da tabarau. Hausa ras! Na kama hannunta kamar na tsinci Innata. Ta ce sunanta Zulai, tana cikin masu sarrafa na'urar. Ta tambaye ni garinmu, na ce Kano.

Ta ce, "Ai na sani. Bakano ne kaɗai zai zo har Dubai ya baje kolin kuka a bakin hanya. Ni Bazazzagiya ce, don haka ki gaishe da uwar ɗakinki."

Ban san sanda dariya ta ƙwace min ba, da majina da komai. Tun daga ranar nake ce mata Anti Zulai.

Ta ja mu wani ɗan ɗaki inda suke shan shayi, ta ba Walida cokali tana juyawa a kan tebur. Ta saurari labarina har ƙarshe, sannan ta zaro waya ta ce in duba. Ina dubawa sai na ga biri. Biri sosai, a tsugune cikin wani bututu, yana tsotsar wani siririn tiyo.

Ta ce, "Yadda aka koya wa wannan, haka za mu koya wa Walida."

Na ture wayar. Raina ya ɓaci har kunnena yana zafi. Na ce, "Anti, 'yar tawa ce biri? A gida an ce mata mai aljanu, an ce mata doluwa, na haƙura. Ban zaci sai na hau jirgi za a ce mata biri ba."

Na fara laluben takalmin Walida. Ta bar ni har na sa mata ƙafa ɗaya, sannan ta ce, "Ƙanwata, zauna. In na gama kika ga zagi ne, ki rama, na yafe."

Ta ce lokacin da take karatu a Turai ta yi aiki a wani ɗakin bincike inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar birai. Su ba a sa su barci, don ana so a ga abin da kan yake yi a farke. To wa zai ce wa biri kwanta shiru ya ji? Sai a yi masa na'urar ƙarya, a fara da kusantarta kawai, a ɗiga masa lemo a baki. Gobe ya sa kai, a ɗiga masa. Jibi a kunna ƙarar ƙasa-ƙasa. A haka a haka har ranar da zai shiga ta gaskiya ya zauna abinsa kamar mai jiran aski.

Na ce, "To in ya shiga me ake nema a kan biri, in ba ɓarnar gona ba?"

Ta ce ana kunna masa fim. Wani lokaci a nuna masa abubuwa marasa rai suna karo da juna. Wani lokaci a nuna masa 'yan'uwansa birai biyu, suna wasa, ko suna faɗa, ko ɗaya ya kwanta ɗaya yana yi masa tsifa yana duba masa ƙwarƙwata. Ta nuna min hoton kan, toka-toka, da wasu wurare ja da ruwan ɗorawa kamar garwashi. Ta ce akwai wuraren da ba sa kamawa don kaya, ba sa kamawa don komai, sai idan biri ya ga 'yan'uwansa suna ma'amala da juna. Wato har a kan dabba Allah Ya ware lungu na musamman don zama da juna.

Na manta da fushina. Na matso har kaina yana gugar nata. Na ce, "Anti, to ki taimake ni. In an sa Walida, a nuna mata ni. Ki duba min ko nata lungun zai kama."

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Maman Walida. Wancan hoton bincike ne, daban yake. Namu ginin kawai zai duba, ko akwai ƙari, ko tabo, ko wani abu da ke kawo jijjigar. Ba zai nuna miki wanda ta sani ba."

Ashe abin da ya ɗauko ni daga Kano ba ya cikin na'urar. Amma jijjigar tana nan, ita ba ta jiran kowa. Na ce mu gwada.

Abban Walida ma sai da ya yi nasa tsallen. "Biri? 'Yar tawa, mai sunan mahaifiyata?" Na bar shi ya gama, na ba shi labarin tsifar. Washegari ya ce in shirya mu je Ras Al Khor, inda sitonsu yake.

Wannan ne zango na uku, kuma nan na ga inda guminsa yake zuba. Rumbuna na kwano a jere, ƙarar guduma, warin baƙin mai, kwantena na jiran kayan Kano. Ya zaɓo kwalin firji mafi girma. Abokan aikinsa suka taru a kansa.

"Nasiru, an kore ku daga Satwa ne za ka tare a kwali?"

"Yalla, maza a yanka masa taga, tunda Ɗanlami ya hana shi!"

Da ya gaya musu dalilin, sai tsiyar ta tsaya. Wani ɗan Damagaram ya ɗauko wuƙa ya yanke bakin kwalin ya yi shi zagaye. Wani ya kawo farin fenti. Direbansu ya ɗora shi a mota ya kai mana har ƙofa.

Kwalin ya cinye rabin ɗakin. Ƙafafunmu a ciki muke kwana. Anti Zulai ta turo min ƙarar na'urar a waya: wani lokaci kamar ana daka a turmin ƙarfe, wani lokaci kamar injin markaɗe ya shaƙe. Walida ba ta shan lemon kwali, sai na dafa zoɓo na zuba a sirinji.

Da farko ko kallon kwalin ba ta yi. Sai Abbanta ya ce bari ya nuna mata. Ya cire hula ya rarrafa ciki, ƙafafu a waje, ya kwanta ƙiƙam, ya buɗe baki. Na ɗiga masa zoɓo.

Ya ce, "Ƙaro."

Na ce, "Sai ka yi shiru tukuna. Biri mai surutu ba ya samu."

"Kin ga, Safiya, ki kiyaye ni. Babban biri ne wannan, mai iyali."

Muna wannan shirme sai ga Walida ta zo ta dafa bakin kwalin. Na yi maza na ɗiga mata. Ta lashe leɓe ta tafi. Ni da shi muka kalli juna.

Da muka fara kunna ƙarar, maƙwabciyarmu Liza ta buga falanki tana ihu, ta zaci gini muke yi. Na jawo ta ta leƙo. Turancina bai taka kara ya karya ba, na nuna kwali, na nuna kan Walida, na ce asibiti. Ta dafe ƙirji. Daga ranar, in ta ji mun kunna, sai ta riƙa ƙwanƙwasa falankin daga nata ɓangaren tana bin kiɗan, wai don ƙarar ta zo ta ko'ina kamar ta gaske.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. Ranar da Walida ta fara sa kai, murna ta ɗebi Abbanta ya ƙure ƙarar gabaɗaya. Ta fito a firgice, ta yi kwanaki ba ta kusanci kwalin ba. Na kira Anti Zulai ina kuka, ta ce, "Gaggawar Kanawa! Ku an ce kasuwa za ta tashi? Ku koma farko. Biri ma sai da muka yi watanni da shi." Muka koma farko.

A hankali ta sa kai, ta sa kafaɗa, ta kwanta. Walida ba ta son runguma, ba ta son a taɓa mata kai ko hannu, amma na lura in na riƙe idon sawunta ba ta janyewa. Sai ya zama haka muke yi: ita a ciki, ni a bakin kwali riƙe da ƙafa, waya tana daka, Liza tana ƙwanƙwasa. Daga tsawon Fatiha, har muka kai tana kwance in karanta Tabaraka in maimaita ba ta motsa ba.

Ranar da aka sa mana, na yi mata wanka na rangaɗa mata kwalli. Anti Zulai tana ganinta ta riƙe baki. "Biki kika kawo ta? Kwallin nan akwai ƙarfe a cikinsa, zai ɓata hoton." Ta goge shi da auduga. Ni ma aka raba ni da 'yan kunne, da fil ɗin hijabi, da zobe. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, Abbanta ya tsaya a waje yana jan carbi kamar zai tsinka shi.

Ɗakin sanyi ƙalau. Walida ta tsaya ta kalli ramin. Na ɗiga mata zoɓo. Ta hau ta kwanta da kanta. Aka toshe mata kunne, aka rufa mata wani abu kamar keji a kai, gadon ya zarce da ita ciki har sai ƙafafu. Na kama idon sawun. Ƙarar ta gaske ta ninka ta waya, har cikin haƙorina nake jin ta, amma yarinyar nan ko gezau.

Ni ce na gaza. Tun jiya fargaba ba ta bar ni na sa komai a ciki ba, ga sanyi, ga sunkuyo. Can sai na ga ɗakin yana juyawa. Wata nas da ke tsaye a gefe ta lura, ta zo a hankali ta zura hannunta daidai inda nawa yake, ta zaunar da ni a kujerar roba. Ban fi numfashi kaɗan a zaune ba sai na ga ƙafar tana shure-shure, na ji gurnanin da take yi kafin ta fasa ƙara. Na miƙe da jirin da komai na karɓe ƙafar. Anti Zulai ta yi magana ta lasifika cewa za a maimaita wannan ɓangaren. Aka maimaita, aka gama.

Bayan 'yan kwanaki muka koma wurin likita. Ya ce babu ƙari, babu tabo, ginin kan lafiya lau. Ya rubuta maganin jijjiga, ya haɗa mu da masu koya wa irin su Walida mu'amala. Abbanta ya yi ta hamdala. Ni ma na gode wa Allah, har zuciyata. Sai dai tambayata tana nan inda take.

Muna fitowa Anti Zulai ta tare mu. "Ke Bakanuwa, zo ki ga wani abu. Malam Nasiru, ara min ita."

Ta kai ni ɗakin da suke zama a bayan gilashi, ta buɗo hotunan a allo. Ga kan Walida an yanka shi fala-fala kamar kabeji, kowane layi tsaf. Ta wuce wannan, ta wuce wancan. Sai ta tsaya a kan wasu da suka dagule, duk sun yi dishi-dishi kamar hoton da aka ɗauka daga cikin adaidaita sahu tana gudu.

Ta ce, "Kin san mene ne wannan?"

Na ce, "Ciwon ne?"

"Ba ciwo ba ne. Motsi ne. Nan ne kika saki ƙafar." Ta nuna na gaba da shi, tsaf. "Nan kuma kin dawo."

Na ƙara matsawa kusa da allon.

Ta ce, "Kanta yana cikin keji, ba ta ganin ƙafarta. Kunnenta a toshe. Hannun nas ɗin nan da ɗumi kamar naki, kuma a wuri ɗaya ta riƙe, ina kallo ta gilashi. Ni dai ban ce miki binciken masana ba ne. A wurin aikina sunan wannan lalataccen hoto, gogewa muke yi."

Na ce, "Anti, kar ki goge. Shi nake so."

"Oh ni Zulai! Bakano ko lalataccen kaya ya gani sai ya ɗauka." Tana faɗa tana share ido da bayan hannu. Ta fitar min da shi a takarda.

A cikin bas ɗin komawa Satwa, Walida tana tsakaninmu, Abbanta ya karɓi takardar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ɗaga ta saitin taga.

Ya ce, "Wannan ai ba a ganin komai. Mene ne a ciki?"

Na karɓe abata na ce, "Ni ce."